Kagara Ta Rushe, Ɗakin Sujada Yana Tsaye

Wanda ya je Ingila, in ya komo gida, labarin Landan yakan bayar: dogayen benaye, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da fadar sarki. Ni kuwa labarin wani ɗan ƙauye zan ba ku, wanda ko Turawan ma da yawa ba su taɓa taka shi ba. Sunansa Kilpeck. Gidajensa kaɗan ne, tumakin da ke kiwo a kewayensa sun fi mutanensa yawa. Amma akwai wata ƙaramar majami'a a can wadda aka gina wajen shekara ta 1140, har wa yau kuwa ana sujada a cikinta. Shekara fiye da 880 ke nan. Tambayar da na tafi da ita ita ce, me ya tsare ta duk wannan zamani? Amsar da na samu ta ba ni mamaki, shi ya sa na ce bari in rubuta muku.

Hanyar zuwa

Daga Landan na shiga jirgin ƙasa, muka nufi yamma, tafiyar kamar awa uku, har birnin Hereford kusa da iyakar ƙasar Wales. Ƙasa ce ta manoma. Ko'ina ka duba sai gonakin tuffa, da jajayen shanu masu farar fuska waɗanda suka ci sunan birnin. Wani abokina, tsohon malamin makaranta, shi ya tarye ni a tasha, ya ɗauke ni a motarsa. Daga Hereford zuwa Kilpeck mil 9 ne, kudu maso yamma. Da muka bar babban titi sai muka faɗa wata 'yar siririyar hanya, shingen ganye dama da hagu ya fi motar tsawo. In motoci biyu suka haɗu, dole ɗaya ta ja da baya har inda hanya ta ɗan buɗe.

Da muka iso, gaskiya sai jikina ya yi sanyi. Na zaci zan ga babban gini mai hasumiya. Abin da na gani ɗan ɗaki ne na jan dutse, a tsakiyar kaburbura da ciyawa, da ƙararrawa biyu rataye a wani ɗan gini bisa ƙarshen rufin. Na ce wa abokina, “Malam, wannan ce muka yi wa doguwar tafiya haka?” Ya yi dariya, ya ce kada in yi gaggawar shiga, in fara tsayawa a bakin ƙofa tukuna, in buɗe ido. Gani ya kori ji.

Waɗanda suka gina ta

Kafin mu tsaya a ƙofar, bari in ɗan koma baya. A zamanin dā wannan yanki na mutanen Wales ne, sunan Kilpeck ma daga harshensu ya fito, ma'anarsa ɗakin wani mai ibada da ake kira Pedic. Tsofaffin takardu sun ambaci wurin sujada a nan tun wajen ƙarni na 7. Sunan majami'ar kuwa Maryamu da Dawuda. Ba Sarki Dawuda na Littafi Mai Tsarki ake nufi ba, wani bawan Allah ne na ƙasar Wales.

A shekara ta 1066 Wiliyam, shugaban Normandi ta arewacin Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi, ya rarraba ƙasar ga mutanensa. A 1086 ya sa aka ƙidaya dukiyar ƙasa duka aka rubuta. A cikin wannan ƙidaya an nuna Kilpeck tana hannun wani Wiliyam ɗan Norman, da mutum 57 masu garmar shanu 19. Mutanen yankin, bisa ga al'adar Wales, da zuma suke biyan wani kashi na harajinsu. Tun da yake bakin iyaka ne, ana yawan kai hari, sai aka tara tudun ƙasa aka gina kagara a kansa, aka haƙa gwalalo kewaye da ita. Ɗan wannan Wiliyam, mai suna Hugh, shi ne ya sa aka gina majami'ar dab da kagarar, daga gabas. Mai kula da dazuzzukan sarki ne, yana da abin hannu, saboda haka ya ɗauko gwanayen masu sassaƙar dutse na zamaninsa.

Ba a rubuta sunayen masassaƙan nan ba, amma masana sukan gane hannunsu a majami'u da dama na yankin Hereford. A lokacin mutane sukan yi tafiyar ibada mai nisa, da ƙafa ko bisa doki, su ratsa Faransa har Santiago a ƙasar Sifen. Wani babban mutum na yankin, Oliver de Merlimond, ya yi wannan tafiya, da ya komo ya gina majami'a a wani ƙauye da ake kira Shobdon. Masana suna ganin fasalin majami'un da ke kan wannan hanya a aikin Shobdon da na Kilpeck. Ku riƙe sunan Shobdon, za mu komo kansa.

Ƙofar kudu

Ƙofar shiga tana wajen kudu, inda rana take bugawa, gama a ƙasar sanyi ce muke. Saman ƙofar baka ne, kamar rabin faifai. A cikin bakan an sassaƙa itace guda mai rassa dama da hagu, da nonnan inabi suna reto. Itacen rai ke nan, wanda aka ambata a farkon Littafi Mai Tsarki da kuma ƙarshensa. Duk mai shiga, ko sarki ko bawa, sai ya bi ta ƙarƙashinsa.

Kewaye da itacen akwai layi biyu na siffofi. Can ƙoli ga mala'ika da fikafikai a buɗe. Gefe da gefe ga tsuntsaye, da kifaye, da kawunan dodanni masu dogon baki. A ginshiƙin hagu akwai jarumawa biyu, ɗaya bisa ɗaya, da huluna masu tsini, rassan itace sun nannaɗe su kamar wanda ƙaya ta kama a daji. A ginshiƙin dama, daga ƙasa ga tsuntsaye biyu, daga sama kuma ga fuskar mutum, ganye yana tsirowa daga bakinsa. Macizai masu kauri suna hawa suna sauka a bakin ƙofar, wannan yana haɗiye wutsiyar wancan.

Na sa yatsa kusa da jikin wani maciji, na ga layukan da cizal ya bari, kamar bara aka yi su. Abu biyu ya taimaka. Jan dutsen wurin yana da ƙarfi, sa'an nan shekaru masu yawa akwai wata rumfa a bakin ƙofar wadda ta kāre ta daga ruwa, sai a ƙarni na 19 aka cire ta.

Me ya kawo dodanni da macizai ƙofar ɗakin Allah? Maginan ba su bar bayani a rubuce ba, masana kuwa kowa da tasa fassara. Amma mu tuna da irin mutanen da aka yi wa ginin. Yawancinsu ba su iya karatu ba. Injin buga littattafai bai iso Ingila ba sai 1476, kafin nan da hannu ake kwafe kowane littafi, tsadarsa kuwa ta fi ƙarfin talaka. Sujada kuma da harshen Latin ake yi, wanda manomi ba ya ji. Saboda haka dutse da zanen bango su ne allon karatunsa. Ni dai da na tsaya a wurin, abin da na karanta shi ne: a waje akwai kokawa da tarko da abin tsoro, amma ƙofar tana buɗe, rai kuwa yana bisa kanta.

Ɗaga kai ka sha dariya

Daga nan abokina ya ce mu zaga ginin. Ƙarƙashin bakin rufi, kewaye da ɗakin duka, an jera duwatsu masu fitowa waje, suna tokare da rufin. Kowane ɗaya an sassaƙa shi da siffa dabam. Asalinsu 89 ne, 85 sun rage. A nan ne na ga masassaƙan nan mutane ne kamarmu, masu son raha.

Ga kare da zomo kafaɗa da kafaɗa, kare da kunnuwa a lanƙwashe, zomo ya zaro ido kamar wanda aka kama a gonar wake. Ga mai goge yana kaɗawa. Ga mutum biyu sun rungumi juna, ko rawa suke yi ko kokawa. Ga kan rago, ga alade, ga dabba mai takunkumi. Ga Ɗan Rago na Allah ɗauke da gicciye, amma wanda ya sassaƙa shi ya ba shi dogayen ƙafafu, har ya fi kama da doki. Akwai kuma wata siffa guda wadda kunya ba za ta bari in kwatanta ta a jaridar iyali ba. A bangon yamma kawunan dodanni uku sun miƙo waje kamar indararo, baki a wage, harshe a naɗe, irin waɗanda mutanen arewacin Turai suke sassaƙawa a goshin jiragensu na ruwa.

Na yi ta tunani a kan wannan. Mutanen nan ba su raba ransu biyu ba, wato wannan na ranar Lahadi, wancan na sauran kwanaki. Abin da suka gani a gona da daji da dandali, da abin da ya ba su tsoro da dare, duka sun kawo sun jera a ƙarƙashin rufin ɗakin sujada.

Cikin ɗakin

Da muka tura ƙofar itace muka shiga, sai sanyi da shiru suka tarye mu. Ɗaki uku ne a jere, daga yamma zuwa gabas, na yamma ya fi girma, na gabas kuwa ya fi ƙanƙanta. Na fari shi ne na jama'a. Na auna shi da ƙafata, bai fi taku goma sha biyu ba. A zamanin da aka gina shi ba kujeru, a tsaye ake sujada ko a durƙushe. Na biyu wurin masu hidima ne. Na uku, can gabas, shi ne wurin bagade. Bangonsa zagaye yake kamar rabin ɗakin kara, da ƙananan tagogi uku. Rufinsa na dutse ne, bakuna sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, irin abin da maginanmu suke kira ɗaurin guga, a mahaɗin kuwa an sassaƙa kawuna huɗu masu kama da kyanwa. Gabas ginin yake fuskanta, kamar yawancin tsofaffin majami'u, domin hasken safiya ya faɗo a kan bagade, ya tuna wa jama'a da tashin Almasihu daga matattu.

Tsakanin ɗakin jama'a da na masu hidima akwai babban baka. A ginshiƙansa an sassaƙa mutum shida, uku dama uku hagu, wannan a kan wancan. Fuskokinsu a natse suke, ba irin na waje ba. Waɗansu suna riƙe da littafi. Ɗaya yana riƙe da babban mabuɗi, da haka ake gane Bitrus manzo ne. Dodanni da dariya an bar su a waje. A nan ciki, kusa da teburin Ubangiji, sai shaidu.

Akwai kuma wata ƙatuwar kwatarniya ta dutse bisa gajerun ƙafafu, wurin yin baftisma. Faɗinta ya isa a tsoma jariri ɗungum. Ku yi tunanin yawan iyayen da suka tsaya a gefenta da ɗa a hannu. Kusa da nan ga wani ƙaramin tulun dutse na ruwa, an sassaƙa masa hannuwa biyu rungume da ciki kamar mace mai juna biyu. Daga baya can, wajen yamma, an ƙara wani ɗan bene na katako, irin wanda mawaƙa da makaɗa sukan zauna a kai a majami'un ƙauye.

Bangon nan ya ji sauye-sauye da yawa. A 1534 Sarki Henry na Takwas ya raba ikkilisiyar Ingila da Roma. A 1538 aka ba da umarni a ajiye Littafi Mai Tsarki na Turanci a kowace majami'a ta ƙasar. A 1549 aka fara addu'o'in sujada da Turanci maimakon Latin. Jikokin jikokin waɗanda suka yi karatu a jikin dutse suka fara jin Maganar Allah da harshen da suke ciniki da shi. A waɗannan shekaru, da kuma lokacin yaƙin basasa na ƙarni na 17, an farfashe siffofi a majami'u masu yawa na Ingila. Na Kilpeck kuwa yawancinsu sun tsira.

Abin da ya tsare ta

Da muka fito sai muka bi wata 'yar hanya ta bayan makabarta, muka hau tudun kagara. Daga ƙoli ana hangen duwatsun Wales, baƙi ƙirin a bakin sama. Wannan kagara ta ga daraja a zamaninta. Sarki John na Ingila ya sauka a cikinta fiye da sau ɗaya a farkon ƙarni na 13. A 1259 aka ba garin izinin cin kasuwa kowane mako. Akwai gidan masu zaman zuhudu a kusa, reshen babban gidansu na Gloucester. Garin kansa yana da ganuwa da tituna a gabashin majami'ar.

Yau fa? Abin da ya rage na kagarar guntayen bango biyu ne, ciyawa ta rufe sauran. Inda garin yake dā ya zama saura, sai tudu-tudu a ƙarƙashin ciyawa suke nuna kufan gidaje. Yunwa ta auka wa Ingila daga 1315 zuwa 1317. A 1348 da 1349 babbar annoba ta zo, ta kashe tsakanin sulusi da rabin mutanen ƙasar. Iyayen gidan kagarar suka koma zama a waɗansu wurare. Kasuwa ta mutu. A 1428 aka rufe gidan masu zuhudu. Kilpeck ta koma ɗan ƙauye, ba wanda ya kula da ita.

To, ga abin mamakin. Wannan koma baya shi ne ya tsare majami'ar. A garuruwan da suka yi arziki da cinikin ulu, kamar Lavenham da Northleach, attajirai sun rushe tsofaffin majami'unsu a ƙarni na 15, suka gina manya masu hasumiya da faffaɗan tagogi. Kyawawa ne, amma abin da ke wurin dā ya tafi. Mutanen Kilpeck ba su da kuɗin yin haka, ba su kuma yi yawan da ɗakin zai kāsa musu ba. Abin da suka iya shi ne toshe yoyo da mayar da dutsen da ya zame.

Kun tuna da Shobdon? A can kuɗi bai yanke ba. Wajen 1750 mai gidan ƙasar wurin, na zuriyar Bateman, ya rushe yawancin tsohuwar majami'ar ya gina sabuwa irin ta yayin zamaninsa. Bakunan da aka sassaƙa kuwa ya sa aka kafa su a kan tudu a fili, don ado. Ruwa da iska da sanyi suka yi ta cinsu, yau da ƙyar ake gane siffofin. Hannu ɗaya ne ya yi aikin wuraren nan biyu. Na mai arziki ya lalace, na matalauta yana nan. Hausawa sun ce wani hani ga Allah baiwa ne.

Amma kada mu ɗauka talauci kaɗai ya isa. Ɗakin da aka bari ba gyara, ko na dutse ne, ruwa zai shiga ta rufi, katako ya ruɓe, bango ya tsage. Kagarar ma ai da dutse aka gina ta, bangonta ya fi kauri. Bambancin shi ne, kagara ta mutum ɗaya ce, da ya tashi sai ta zama kango. Majami'a kuwa ta jama'a ce. Tun a tsakiyar zamani dokar ikkilisiya a Ingila ta ɗora gyaran ɗakin jama'a a wuyan mutanen gari. An yi wa ta Kilpeck manyan gyare-gyare a 1864, da 1898, da 1962, amma tsakanin waɗannan akwai ƙananan ayyuka da ba wanda ya rubuta: wanda ya hau tsani ya share magudanar ruwa, wadda ta share daɓe, wanda ya ba da ɗan abin da yake da shi.

Nauyin da ke kan na yau

Da muka komo ciki muka tarar da wata dattijuwa tana sauya ruwan furanni a gaban bagade. Muka gaisa. Ta ce aikin bi da bi ne, wannan mako nata ne. Ba ta ɗauke shi wani babban abu ba. Ni kuwa na dube ta, na ga amsar tambayata tana tsaye da tulu a hannu.

Nauyin ba ƙarami ba ne. Ikkilisiyar Ingila tana da majami'u kamar 16,000, fiye da 12,000 daga cikinsu suna cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta hana a taɓa su yadda aka ga dama. Kilpeck tana a daraja ta ɗaya cikin jerin. Amma gwamnati ba ita ce mai ɗaukar nauyin kula da su ba. Akan sami taimako daga nan da can, duk da haka yawancin nauyin yana kan masu sujada na wurin da abokansu. Gyaran irin wannan gini yana da tsada, gama sai da gwani, da irin kayan da aka yi aiki da su tun farko. A ƙauyuka kuwa masu zuwa sujada sun ragu, yawancinsu tsofaffi, limami ɗaya yakan riƙe majami'u da dama yana zagayawa. Waɗansu an riga an rufe su. Wata ƙungiya da aka kafa a 1969 tana kula da fiye da 350 waɗanda aka daina sujadar kullum a cikinsu. Kilpeck ba ta cikin waɗannan. Baƙi suna zuwa daga ƙasashe masu nisa don su ga ƙofarta, sukan kuma sa ɗan abu a akwatin baiko. Amma baƙo kallo yake yi ya wuce. Ranar da ba sauran mai kawo ɗansa ga kwatarniyar nan, ko mai durƙusawa gaban bagaden, ranar ce ɗakin zai zama gidan ajiye kayan tarihi, ko da rufinsa bai yoyo.

Rana ta yi ƙasa sa'ad da muka fito, haskenta ya bugi jan dutsen har ya yi kamar garwashi. Na waiwaya na dubi kare da zomo, suna nan kafaɗa da kafaɗa yadda aka bar su.

Ya mai karatu, ran Lahadi in ka je sujada, kada ka yi gaggawar shiga. Ka tsaya, ka ɗaga kai ka dubi rufin ɗakinku, ka zaga bayansa ka ga inda ruwa yake ci. Ka tambayi tsofaffi su wane ne suka ɗebo ƙasa da ruwa aka gina shi, a wace shekara, ka rubuta kafin su tafi da labarin. In ƙarami ne kada ka rena shi, in kuwa ana shawarar rushe shi don a yi babba, a yi shawarar da natsuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen Kilpeck ba su taɓa yin yawa ba tun bayan annoba, amma kowane zamani an sami waɗanda suka sa hannu.